Sinima da Kasuwa a Kano: Daga Rex zuwa Ɗakin Kallo na Titin Gidan Zoo

Idan aka ɗauko zancen gidajen sinima na Kano, yawanci maganar ba ta wuce abu biyu, wato finafinan da aka nuna a cikinsu da kuma irin kallon da malamai da iyaye suka yi wa masu shigarsu. Ba kasafai ake tsayawa a kan wata tambaya mai sauƙi ba: a ina aka gina waɗannan gidaje, su wane ne maƙwabtansu, kuma wace hanya mutum yake bi kafin ya isa ƙofarsu? A ganina amsar wannan tambaya ta fi komai bayyana yadda sinima ta samu sunan da ta samu a wannan gari, da yadda ta bunƙasa, ta durƙushe, sannan ta sake ɓullowa da wata kama. Tun daga Rex, wadda aka buɗe a 1937, har zuwa ɗakunan kallon da aka keɓe a cikin rukunin shagunan Ado Bayero Mall da ke titin Gidan Zoo kusan shekara 80 bayan haka, sinima ba ta taɓa yin nisa da kasuwa ba. Abin da ya canza shi ne matsayinta. A da tana tsaye a gefen kasuwa da gininta da ƙofarta, daga baya kuwa ta zama 'yar haya a cikin kasuwar, kuma wannan sauyi ya shafi wanda yake shiga, da abin da yake biya, da abin da yake tunawa bayan ya fita.

Kano ta zamanin Turawa gari ne da aka rarraba shi da gangan. Akwai birni a cikin ganuwa, ƙarƙashin Sarki da alƙalai, inda aka hana sayar da giya. Akwai Fagge a bakin ganuwa, masaukin fatake da baƙi Musulmi. Akwai Sabon Gari da aka ware wa ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin ƙasar, sai kuma unguwannin Turawa da wuraren da Kwarori, wato 'yan kasuwar Lebanon da Sham, suka kafa kantunansu. Kwarorin nan ne suka riƙe sana'ar sinima tun farkonta, kuma da yake suna son haɗa kallo da sayar da abin sha, ba su da zaɓi sai su yi gini a wajen birni. Rex fili ce mai katanga wadda ba ta da rufi, da mashaya a jikinta. Ke nan tun daga ranar farko, Bakanon da yake son ganin fim sai ya fita ta ƙofar gari da dare ya nufi yankin da iyayensa suka sani da giya da caca da mata masu zaman kansu. Ko da a ce abin da ake haskawa a allon ba shi da aibu ko kaɗan, hanyar da ya bi ta riga ta shafa masa baƙin jini.

Majigi shi ne babbar shaida a kan cewa wurin ya fi fim ɗin tasiri. A daidai waɗannan shekaru gwamnati tana aika motoci ɗauke da na'urar haska hoto zuwa garuruwa da ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, a nuna finafinan tsafta da noman auduga da labaran hukuma, wani ma'aikaci yana yi wa jama'a bayani da Hausa ta lasifika. Hoton mai motsi ne iri ɗaya da na gidan sinima, amma hakimi da dagaci sukan zauna a sahun gaba, yara su cika filin, ba wanda ya ce an aikata abin kunya. Majigi kyauta ne, a sarari ake yin sa, kuma da izinin masu gari. Sinima kuwa ta kuɗi ce, a bayan katanga take, kuma a hannun baƙo.

A farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka gwada ƙetare wannan iyaka, lokacin da aka nemi gina Palace a Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, a tsakiyar birni. Malamai da yawa ba su amince ba, ana cikin wannan taƙaddama kuma sai ga masifar da har yau dattawan Kano ba su manta da ita ba. Ranar Lahadi 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a gidan sinima na El Duniya ana tsakiyar kallo, mutum 331 suka rasu daga cikin kimanin 600 da ke ciki. Binciken hukuma ya danganta wutar da faifan fim irin na wancan zamani, wanda sinadarin da aka yi shi da shi yake kamawa da wuta nan take, kuma idan ya kama da wuya a kashe shi. A bakin mutanen gari kuwa fassarar daban ce, domin da yawa sun ɗauki gobarar a matsayin hukuncin Allah a kan masu shiga irin wannan wuri, har jita-jita ta bazu game da abin da aka ce ana nunawa a ranar, duk da cewa hukuma ta ƙaryata ta. Duk da haka an buɗe Palace, sai dai sai da 'yan sanda suka sa baki, saboda samari sun riƙa jifan masu shiga. Ta yi aiki na kimanin shekara 30 kafin gwamnatin Sabo Bakin Zuwo ta mayar da ita asibiti a 1983, kuma asibitin haihuwa da ke Jakara yana ɗauke da sunansa har yanzu. Masu sana'ar sun fahimci cewa sinima za ta iya rayuwa a Kano, har ma ta kawo riba mai yawa, amma mazauninta yana gefen gari ne.

A gefen garin ne kuwa ta yi zamaninta, daga shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Akwai Plaza a Fagge, El Dorado a Sabon Gari, Marhaba can wajen Farm Centre, ga kuma Orion da Queens da Wapa. Finafinan Indiya ne kan gaba, sai na faɗan Sinawa da na kaboyi, kuma masu zuwa sun san ranar da kowane gida yake nuna irin abin da suke so. Waɗanda suka yi wannan zamani, idan suna ba da labarinsa, ba su cika farawa da fim ɗin ba, da bakin ƙofa suke farawa. Tun da la'asar ake fito da allon fasta a jingina shi a bango, yara su taru suna nazarin hoton, suna musu a kan wane ne jarumi, wane ne bos. Bayan isha'i layi ya miƙe a tagar tikiti, mai shayi ya kafa teburinsa, mai tsire ya hura gawayi, ga mai rake da mai dafaffiyar gyaɗa, ga mai gadin kekuna da babura yana jera su yana karɓar 'yan sulallansa. A ciki kuma an raba mutane gwargwadon aljihunsu, bencin gaba mai araha na samari da 'yan dako, kujerun baya masu tsada na ma'aikata da 'yan kasuwa. Can sama a wani ɗan ɗaki mai zafi akwai mai na'ura da injinansa biyu, domin faifai ɗaya ba ya wuce kamar minti 20, don haka sai ya zuba ido a kusurwar allo, da zarar alamar ƙarewa ta ɓullo ya kunna na biyu ya kashe na farko ba tare da masu kallo sun lura ba. Idan kuwa faifan ya tsinke, abin da yake yawan faruwa ga fim ɗin da ya zagaya garuruwa ya tsufa, allon sai ya yi fari fat, ihu da fito su tashi har sai ya haɗa shi. Da yake yawancin gidajen ba su da rufi, da damina mai kallo yana duban allo yana duban hadari, da hunturu kuwa da mayafinsa yake zuwa.

Kallon ba ya ƙarewa a bakin ƙofa. Washegari, a shagon tela ko a gareji ko a majalisar unguwa, wanda ya samu shiga shi ne zai zauna ya warware wa waɗanda ba su je ba labarin tun daga farko har ƙarshe, yana kwaikwayon murya da tafiya, alhali bai iya harshen Hindi ba. An raɗa wa jaruman sunayen Hausa, kamar yadda ake kiran Dharmendra da Sarkin Ƙarfi, karin waƙoƙin kuma ya shiga bakin 'yan mata a dandali, har wasu masu bege suka ɗora yabon Annabi a kansa suna kaɗa bandiri. Da yawa daga cikin waɗanda suka rubuta littattafan soyayya a shekarun 1980, da waɗanda suka kafa sana'ar finafinan Hausa bayan haka, a waɗannan benci suka koyi yadda ake ƙulla labari a warware shi.

Sai dai wajibi ne a faɗi cewa wannan tarihi, duk daɗinsa, tarihin maza ne. Matar aure ko budurwar da take gaban iyayenta ba ta zuwa sinima, wadda aka gani a can kuwa an riga an yanke mata hukunci. Mata sun haɗu da finafinan Indiya ne a cikin gida, ta talabijin ɗin NTA Kano daga ƙarshen shekarun 1970, da CTV ta gwamnatin jiha daga farkon shekarun 1980, sannan ta kaset ɗin bidiyo. Saboda haka idan aka ji ana kewar zamanin Plaza da Marhaba, rabin gari ne yake kewar, ɗaya rabin bai taɓa taka ƙofar ba. Wanda bai riƙe wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa bidiyo ya karɓe kasuwar cikin sauƙi haka ba, kuma ba zai gane muhimmancin abin da ya faru daga baya a titin Gidan Zoo ba.

Akan ce bidiyo ne ya kashe sinima, wasu kuma su ce shari'a ce, amma kowanne daga cikin waɗannan bayanai ya gajarce lamarin. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta fitar da gidajen sinima daga mallakar baƙi, sai dai hanyoyin sayo finafinai daga ƙetare ba su sauya hannu da sauƙi kamar yadda gine-gine suka sauya ba. A 1981 ƙungiyar manyan kamfanonin fim na Amurka ta dakatar da aiko wa Nijeriya finafinanta saboda saɓani da gwamnati. Daga 1986, da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, darajar naira ta faɗi, kuɗin hayar faifai da na kayan gyaran na'ura suka ninka, alhali mai sayen tikitin shi ma aljihunsa ya yi rauni, don haka ba a iya ƙara masa farashi gwargwadon tsadar ba. Gidajen suka koma maimaita tsofaffin finafinai, benci ya karye ba a gyara ba, 'yan daba suka yawaita a bakin ƙofa, mutumin kirki ya fara jin tsoron dawowa gida da tsakar dare. Da finafinan Hausa suka fito daga 1990, wadda ita ce shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, gidajen sun ɗan farfaɗo, domin masu shirya fim sukan fara haska shi a sinima kafin su kai kaset kasuwar Ƙofar Wambai. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai ta jiha a 2001, sharuɗɗa suka tsananta, musamman a kan cakuɗuwar maza da mata, amma dokar ta tarar da sana'ar ne tana kwance.

Akwai dalili guda da ba a cika ambatawa ba, wanda a ganina shi ne ya rufe babin, wato darajar fili. Gidan sinima yana cin fili mai faɗi, yana aiki na 'yan sa'o'i kaɗan da dare, ribarsa kuma tana hawa tana sauka gwargwadon fim da yanayi. Waɗannan filaye kuwa suna maƙwabtaka da kasuwannin da suka fi kowane wuri tsada a arewacin Nijeriya, irin su Kantin Kwari da Ƙofar Wambai da Singa da kasuwar Sabon Gari, waɗanda kullum cikin faɗaɗa suke. Magajin da ya tarar da irin wannan fili a cikin gadonsa, idan ya yi lissafin shagunan da za a fitar daga ciki, da kuɗin hayar shekara da kowane ɗan kasuwa zai biya tun kafin ya shiga, ba tare da rigima da hukuma ko surutun unguwa ba, ba ya buƙatar dogon tunani. Ta haka da yawa daga cikin tsofaffin gidajen suka koma shaguna da rumbunan ajiye kaya. Kusancin kasuwa da ya cika su da 'yan kallo a da, shi ne ya sa filinsu ya fi ƙarfin sana'arsu.

Dabarar sanya sinima a cikin rukunin shaguna ta samo asali ne daga ƙoƙarin warware irin wannan matsala a wata ƙasa. A Amurka, bayan talabijin ya shiga gidaje kuma mutane sun ƙaura daga tsakiyar birane zuwa sababbin unguwanni, manyan gidajen sinima masu kujeru dubbai sun riƙa zama fayau. A 1963 wani mai sana'ar, Stanley Durwood, ya buɗe sinima mai ɗakuna biyu a cikin rukunin shagunan Ward Parkway a birnin Kansas, kuma daga harkarsa ce kamfanin AMC ya girma. Lissafin a bayyane yake. Tagar tikiti ɗaya da ma'aikata kaɗan za su iya kula da ƙananan ɗakuna da yawa, idan fim ɗaya bai ja mutane ba wani zai ja, kuma ana iya nuna fim tun daga rana har dare. Mai sinima ba sai ya sayi fili ko ya gina wurin ajiye motoci ko ya ɗauki masu gadi na kansa ba, domin duk mai rukunin ya tanadar. Shi kuma mai rukunin yana samun ɗan hayar da ke riƙe masa mutane bayan sun gama sayayya, su ci abinci, su daɗe. Wani ɓangare mai kauri na ribar ma ba daga tikiti yake fitowa ba, daga gugguru da lemo yake fitowa, tunda kuɗin tikiti sai an raba shi da mai fim. A Nijeriya, Silverbird ce ta kawo wannan tsari Legas a 2004, kamfanin Filmhouse ya biyo baya a 2012, kuma bayan an buɗe Ado Bayero Mall a 2014, Filmhouse ne ya buɗe ɗakunan kallo a ciki.

Abin da wannan ya canza a Kano ya fi girman ɗakunan kansu. A karon farko mutum yana iya zuwa kallon fim ba tare da ya bi hanyar da za ta nuna inda ya nufa ba, domin ƙofar da yake shiga ita ce ƙofar da mai sayen madara da mai sayen takalmi suke shiga. Mutanen gari ma ba su cika kiran wurin da sunansa ba, Shoprite suke cewa, saboda babban kantin da ke ciki a lokacin. A lokacin, magidanci yana iya ɗaukar iyalinsa da rana tsaka, a yi sayayya, a sayi abin sanyi, a shiga ɗaki mai na'urar sanyaya wuri da kujeru masu laushi, a fito kafin magariba. Ana bincike a ƙofa, babu mashaya, babu gungun zauna-gari-banza. Mata da 'yan mata, waɗanda aka yi shekaru fiye da 70 ana sinima a garinsu ba da su ba, suka zama wani babban kaso na masu kallo. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, domin mutuncin kasuwa ne ya rufa wa sinima asiri. Wanda yake shakkar haka ya tuna da 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina alƙaryar shirya finafinai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai da jama'a suka yi ca a kai har aka janye shirin, alhali a daidai lokacin ana nuna fim kullum a titin Gidan Zoo ba tare da irin wannan hayaniya ba. Gini mai zaman kansa da aka rubuta wa sunan fim yana tayar da tsohon miki, ɗaki a tsakanin shaguna kuwa ba ya tayar da shi.

Matasan da suka taso a waɗannan shekaru su ma suna da abin tunawa nasu, kuma bai kamata a raina shi don sabo ne ba. Suna tuna cunkoson ranakun Sallah, da sababbin ɗinkuna a kan layin tikiti, da ɗaukar hoto a jikin fasta, da ranar da jaruman fim suka zo da kansu aka yi ta tururuwar gaisawa da su. Amma tsarin da ya buɗe wa mata ƙofa ya rufe ta ga wasu. Ɗan dako da ɗan gareji da yaron shago, waɗanda su ne suke cika bencin gaba a Plaza, ba su da gurbi a nan, domin babu kujera mai araha, kuma kuɗin tikiti da na abin hawa da na gugguru, idan aka haɗa, sun kai abin da mutum zai ciyar da gidansa. Tsohuwar sinima ta ware mutane ta jinsi ta haɗa su ta fuskar arziki, ko da kuwa kowa da sahunsa. Sabuwar ta sassauta wariyar jinsi ta tsananta wariyar arziki, kuma ina ganin wannan rashi ne na gaske, ba ƙaramin abu ba.

Ga masu shirya finafinan Hausa, ɗakunan sun zo a lokacin da ake neman mafita ido rufe. Kasuwar faifan CD ta rushe a tsakiyar shekarun 2010, saboda satar fasaha da masu tura finafinai a waya a kan kuɗi ƙalilan, don haka wasu furodusoshi suka koma shirya manyan finafinai domin sinima, suka inganta hoto da sauti. Fasahar zamani ta sauƙaƙa wannan, tunda yanzu fim yana zuwa ne a ma'ajiyar kwamfuta tare da mabuɗin da ke buɗe shi na iya kwanakin da aka yi yarjejeniya, ba a buƙatar faifai mai tsada. Matsalar ita ce lissafin ba ya fita da gida ɗaya. Bayan an cire haraji, mai sinima ya ɗauki kasonsa, mai rarrabawa ya ɗauki nasa, abin da ke isa hannun furodusa bai cika kai rabi ba. Takwaransa na Legas yana da gidaje da dama a birane daban-daban da zai baza fim ɗinsa a mako guda, shi kuwa na Kano a lokacin ɗakuna kaɗan yake da su a rukuni ɗaya, kuma kowa yana son a ba shi makon Sallah. Ba abin mamaki ba ne da yawancinsu suka karkata ga finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, inda mai kallo yake a ɗakinsa da wayarsa.

Ɗan haya kuma yana da rauni irin nasa, domin lafiyarsa tana rataye da lafiyar gidan da yake ciki. Annobar korona ta 2020 ta rufe gidajen sinima na tsawon watanni, haya kuwa ba ta daina taruwa ba. Tsadar man dizal, da cire tallafin fetur da faɗuwar naira a 2023, sun ɗaga kuɗin kunna janareta da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda irin wannan sinima ba ta aiki sai da su, a daidai lokacin da magidanta suke rage duk wani kashe kuɗi da ba na dole ba. A watan Janairu na 2024 Shoprite ya rufe reshensa na Kano. Idan babban kantin da ke jawo jama'a ya tashi daga rukuni, kowane ƙaramin ɗan haya sai ya ji a jikinsa, sinima kuwa ta fi kowa ji, domin a Kano ba masu saye kaɗai take ara daga kantin ba, har da hujjar da mutum zai bayar a gida ta zuwa wurin.

Idan aka duba da kyau, sinimar unguwa ba ta ɓace daga Kano ba, kamanni ta sauya. Gidajen kallon ƙwallo da ke kusan kowane lungu, da bencinsu da rumfar kwano da janareta da allon da ake rubuta wasannin ranar da alli, su ne suka gaji bencin gaba na Plaza da Orion: kuɗi kaɗan, kusa da gida, ihu da musu, kuma maza zalla. Suna nuna cewa har yanzu mutane suna son kallo a cikin taro, kuma a shirye suke su biya idan farashin bai fi ƙarfinsu ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne na tsakiya, wato ɗaki mai tsafta mai ɗaukar mutane kaɗan, a cikin irin rukunin shagunan da suka cika titunan Tarauni da Hotoro da Kabuga da Rijiyar Zaki, wanda mace za ta iya zuwa da 'ya'yanta da rana, a ware wa iyali ɓangarensu, a nuna fim ɗin da Hukumar Tace Finafinai ta riga ta duba, a kan kuɗin da ma'aikaci mai ƙaramin albashi zai iya biya. Na'urar haska hoto ta yi sauƙi fiye da zamanin faifai, hasken rana ya rage dogaro da dizal, kuma irin waɗannan ɗakuna, idan suka yi yawa, su ne za su ba furodusan Kano wuraren da zai baza fim ɗinsa a mako guda.

Cikas ɗin da ke gaban wannan a fili yake. Ana buƙatar lasisi mai sharuɗɗa bayyanannu waɗanda ba sa canzawa da canjin shugaban hukuma, ana buƙatar amintacciyar hanyar ƙidaya tikiti domin mai fim ya yarda da abin da aka ce an sayar, ana buƙatar ƙofofin fita da kayan kashe gobara a garin da ya rasa mutum 331 a rana ɗaya, sannan ana buƙatar yardar mai unguwa da limami da maƙwabta tun kafin a ɗaura allo. Sai kuma lissafin mai ginin, wanda shi ne ya cinye tsofaffin gidajen. A nan ne kaɗai lamarin ya juya wa sinima ta alheri, domin 'yan kasuwa shagon ƙasa suke rububi, benen sama kuwa sau da yawa yakan daɗe a rufe ko a bayar da shi da araha, tunda mai saye ba ya son hawa matakala. Mai zuwa kallo ba ya ƙin hawa, kuma kafin ya hau sai ya ratsa ta gaban shagunan ƙasa, haka ma idan zai sauko.